Abdou Moumouni Dioffo: Ɗan Tasawan da ya yi gwagwarmayar malamai, ya kuma riƙe jami'ar Yamai a zamanin soja

Daga Madarunfa, jihar Maraɗi

Duk ɗalibin da ya fito daga Madarunfa, Ɗan Isa, Safo, Gabi ko Jiratawa ya samu gurbi a jami'ar gwamnati, akwai abin da ya riga ya sani tun kafin ya ɗauki jakarsa: shekarar karatu ba ta cika ƙarewa a lokacin da aka tsara ba. Yau malamai na yajin aiki kan bashin alawus, gobe ɗalibai sun ƙaurace wa aji kan kuɗin tallafi da abinci da wurin kwana, jibi kuma taƙaddama ta tashi kan wanda zai shugabanci jami'ar.

Wannan taƙaddama ta ƙarshe ta taɓa jihar Maraɗi kai tsaye. A shekarar 2018 ƙungiyar malaman jami'o'i ta SNECS ta shiga yajin aiki bayan da hukumomi suka dakatar da zaɓen shugaban jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo ta Maraɗi. A 2019 kuma majalisar dokoki ta amince da dokar da ta bai wa gwamnati ikon naɗa shugabannin jami'o'i da kanta, maimakon a zaɓe su a cikin jami'a.

Babbar jami'ar ƙasar da ke Yamai tana ɗauke da sunan mutumin da ya rayu a ɓangarorin biyu na wannan jayayya. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya yi ƙuruciyarsa cikin ƙungiyoyin da ke neman a saurari muryar ɗalibai da malamai, daga baya kuma gwamnatin soja ta naɗa shi shugaban jami'a. Matasa da dama sun san sunansa ne kawai a saman takardar shaidar karatu. Ga tarihinsa.

Haihuwa da karatun farko

An haifi Abdou Moumouni ranar 26 ga watan Yunin 1929 a garin Tasawa, gabas da Maraɗi a kan hanyar Damagaram. Asalin gidansu daga Kirtachi ne, wani gari na bakin kogin Kwara a kudancin Yamai, amma a ƙasar Hausa aka yanke cibiyarsa.

A wancan zamani makarantar boko abu ne na 'yan ƙalilan. Ko a lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari na waɗanda shekarunsu suka isa ba. Iyaye da yawa suna ɓoye 'ya'yansu idan aka zo ɗaukar yara, domin suna ganin makarantar Nasara ce, ba tasu ba.

Ya fara karatu a Damagaram, sannan ya wuce Yamai. Tun da a lokacin babu makarantar da za ta kai ɗalibi ga jarrabawar bakaloriya a duk faɗin Nijar, sai aka tura shi Senegal a 1944, zuwa makarantar William Ponty da ke Sebikotane. Wannan makaranta ita ce ta horar da malamai da akawu da ma'aikatan lafiya na ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Daga cikinta Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary suka fito, haka nan Modibo Keita na Mali.

Yana Sebikotane ne aka yi babban yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na layin Dakar zuwa Bamako, daga watan Oktoban 1947 zuwa Maris na 1948. Garin yana kan layin dogon, tsakanin Dakar da Thiès, cibiyar yajin aikin. Babbar buƙatar ma'aikatan ita ce a sa baƙar fata da Bature a tsarin aiki ɗaya, da albashi da haƙƙoƙi iri ɗaya.

Irin wannan bambanci yana nan a aikin koyarwa. Malamin da ya fito daga Ponty yana shiga rukunin ma'aikatan gida, wanda albashinsa da alawus ɗinsa ba su kama ƙafar na malamin da aka kawo daga Faransa ba, ko da aji ɗaya suke koyarwa. Sai a 1950 aka yi dokar da ake kira ta Lamine Guèye, wadda ta tanadi daidaito a aikin gwamnati, ita ma sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ta fama kafin a ga tasirinta.

Paris: karatu da gwagwarmaya

Bayan ya gama Ponty a 1948, ya yi bakaloriya a Dakar, sannan ya tafi Faransa. Ya yi ajin share fage a makarantar Saint-Louis da ke Paris, ya samu digiri na farko a fannin fiziks a 1953, ya ƙara wata shaidar karatu mai zurfi a 1954.

A 1956 ya ci jarrabawar da Faransawa ke kira agregasiyon. Gasa ce mai tsanani da ake ɗaukar 'yan kaɗan a kowace shekara, kuma wanda ya ci yana shiga sahun manyan malaman ƙasar Faransa, da albashi mai tsoka da ƙarancin sa'o'in aji. Abdou Moumouni shi ne ɗan Afirka baƙar fata na farko daga ƙasashen renon Faransa da ya ci ta a fannin fiziks. A shekarar ce kuma Joseph Ki-Zerbo na Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, ya ci tasa a fannin tarihi.

Sai dai zamansa na Paris bai tsaya a littafi ba. Yana cikin waɗanda suka kafa FEANF, tarayyar ɗaliban Afirka baƙar fata da ke karatu a Faransa, wadda aka soma a 1950. Ƙungiyar ta faro ne da matsalolin yau da kullum: jinkirin kuɗin tallafi, tsadar ɗaki, sanyi da rashin lafiya. Cikin 'yan shekaru ta zama ɗaya daga cikin muryoyin da suka fi ƙarfi wajen neman cikakken 'yancin kai, a lokacin da manyan 'yan siyasar Afirka da dama ke neman gyara ne kawai a ƙarƙashin tutar Faransa.

Da ya dawo Dakar a 1956 ya kama koyarwa a makarantar Van Vollenhoven, inda shi ma ya yi karatu. A watan Satumban 1957 aka kafa jam'iyyar PAI a Thiès, jam'iyyar masu ra'ayin gurguzu da ta fito fili ta nemi 'yancin kai nan take. Sunansa yana cikin na waɗanda suka assasa ta.

Shekarar 1958 da tafiya Gini

Ranar 28 ga Satumban 1958 Janar de Gaulle ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama: ko ƙasa ta zauna cikin tarayya da Faransa, ko ta fita nan take. A Nijar, Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba sun nemi a ce a'a, amma sakamakon da aka bayyana ya ba masu cewa e rinjaye. Gini ta Ahmed Sékou Touré ce kaɗai ta ƙi.

Faransa ta mayar da martani da janye ma'aikatanta, har da malaman makaranta. Azuzuwa suka zama babu masu koyarwa. Sai wasu ƙwararrun 'yan Afirka suka amsa kiran Gini, suka bar ayyukansu suka tafi Konakiri. Ki-Zerbo ya je, mawallafin waƙoƙi David Diop ya je, Abdou Moumouni ma ya je, ya koyar a makarantar Donka.

Wannan mataki ba ƙaramin abu ba ne ga matashi ɗan shekara 29. Shekara biyu kacal da samun matsayin da kowane malami ke mafarki, ya jefa albashinsa da ƙarin girmansa a tsarin Faransa cikin haɗari, domin ya koyar a ƙasar da ba a san yadda za ta biya ma'aikata ba.

Bai daɗe a Konakiri ba. Abin da ya biyo baya a can ya nuna irin tarkon da ke jiran malamai ko a ƙarƙashin gwamnatin da suka taimaka wa. A watan Nuwamban 1961 shugabannin ƙungiyar malaman Gini suka gabatar da kokensu kan albashi da yanayin aiki. Gwamnatin Sékou Touré ta kira abin makirci, ta ɗaure jagororin, ciki har da Koumandian Keita da masanin tarihi Djibril Tamsir Niane. Tafiyar Bature ba ta kawo ƙarshen tambayar ko malami yana da bakin magana a kan aikinsa ba.

Littafin da ya sa aka san shi

Tsakanin 1962 da 1964 Abdou Moumouni ya yi zaman bincike a Tarayyar Sobiyet, a ƙarƙashin cibiyar kimiyya ta ƙasar, inda ya mayar da hankali kan makamashin rana. A 1964 kamfanin ɗab'i na Maspero da ke Paris ya buga littafinsa L'Éducation en Afrique, wato ilimi a Afirka. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1968, aka sake buga shi da Faransanci a 1998. Har yau ana karanta shi a sassan nazarin ilimi na jami'o'i da dama.

Littafin ya soma ne da rushe iƙirarin cewa Turawa ne suka kawo tarbiyya da ilimi. Ya bayyana yadda tarbiyyar gargajiya take aikin kowa da kowa a gari, yadda take haɗe da noma da kiwo da sana'a, yadda take gina jiki da hali da basira gaba ɗaya, da yadda take bin shekarun yaro mataki mataki. Duk wanda ya tashi a ƙauyen Hausa ya ga yaro yana bin uba gona, ko yana hura zuga a maƙera, ya san abin da ake nufi.

Daga nan ya juya kan makarantar mulkin mallaka. Ya nuna cewa an gina ta ne domin samar da tafinta da akawu da ƙananan ma'aikata, ba domin ilmantar da al'umma ba, shi ya sa take ɗaukar kaɗan, take koyarwa da harshen da uwar yaro ba ta ji, take kuma raba ɗalibi da aikin hannu. Abin da ya fi ɗaga hankali a littafin shi ne gargaɗin da ya yi cewa sababbin gwamnatoci suna ci gaba da wannan tsari ba tare da sun taɓa tushensa ba.

Ya ba da shawarwari a fili: a koyar da harsunan gida, a yi gangamin yaƙi da jahilci tsakanin manya, a haɗa makaranta da aikin samar da abinci da kaya, a ba kimiyya da fasaha babban wuri, a horar da malamai 'yan ƙasa da yawa, ƙasashe maƙwabta kuma su haɗa ƙarfi wajen ilimi mai zurfi tun da kowace ita kaɗai ba ta da hali.

Wanda ya rubuta wannan malamin aji ne, ba minista ba. Littafin kansa hujja ce cewa mai riƙe da alli yana da abin cewa game da yadda za a tsara ilimi, kuma a kan wannan ne ƙungiyoyin malaman jami'a suke tsayawa idan suna neman a dama da su.

Bamako da aikin rana

A 1964 ya koma Mali ta Modibo Keita. Ya koyar a babbar makarantar horar da malamai ta Bamako, ya kuma kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar, ya shugabance shi har 1969. A tsakiyar wannan aiki ne ya kare babban digirinsa na dakta a Paris a 1967.

Bincikensa ya shafi madubi mai siffar kwano, irin faifan tauraron ɗan'adam da ake gani a kan soraye. Idan hasken rana ya faɗa kan irin wannan madubi, duk yana tattaruwa a wuri guda, ya ba da zafin da zai iya tafasa ruwa ko dafa abinci. Sanin yadda zafin ke rarrabuwa a wannan wuri shi ne mabuɗin ƙera murhu ko injin da zai yi aiki da rana.

A lokacin man fetur yana da araha, kuma mutane da yawa suna kallon aikin rana kamar wasan yara. Shi kuwa lissafinsa mai sauƙi ne: ƙasar Sahel ba ta da teku, tana sayen mai daga nesa, tana sare itatuwanta domin girki, alhali rana tana dukanta kusan kowace ranar Allah.

A watan Nuwamban 1968 sojoji ƙarƙashin Moussa Traoré suka kifar da Modibo Keita. A shekarar da ta biyo baya Abdou Moumouni ya dawo gida.

Komawa gida: ONERSOL

A 1969 gwamnatin Diori Hamani, wadda ra'ayinta ya yi hannun riga da nasa a siyasa, ta damƙa masa hukumar makamashin rana ta ƙasa, ONERSOL. Ya riƙe ta har 1985, shekara 16.

A ƙarƙashinsa hukumar ba ta tsaya ga rubuta rahoto ba. An ƙera tankunan dumama ruwa da rana, da murhun rana, da na'urorin tace ruwa da na busar da amfanin gona. An kuma yi aikin injin da ke juya zafin rana zuwa ƙarfin motsi tare da wani kamfanin Jamus. Maƙera da masu walda da injiniyoyi 'yan ƙasa ne suke aikin a Yamai.

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da tashin farashin mai na 1973 sun sa duniya ta waiwayi abin da yake faɗa tun tuni. Hukumomin duniya irin su UNESCO suka riƙa neman shawararsa, sunan Nijar kuma ya shiga cikin ƙasashen Afirka da ake ambata idan ana maganar binciken rana.

Amma aikin ya nuna masa iyakar ƙwazon mutum ɗaya. Ɗakin bincike yana buƙatar kuɗi kowace shekara, da kayan gyara, da matasan da za su gaji aikin, da kasuwar da za ta sayi abin da aka ƙera. Duk waɗannan suna hannun waɗanda ke raba kasafin kuɗi, ba hannun mai bincike ba.

Shugaban jami'a a ƙarƙashin Kountché

An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, wadda ta zama jami'a ba da jimawa ba. Shugabanta na farko shi ne masanin lissafi Boubakar Bâ, wanda jami'ar Tilaberi ke ɗauke da sunansa a yau. Abdou Moumouni ya fara koyar da fiziks a can a 1975.

Kafin nan mulki ya sauya. Ranar 15 ga Afrilun 1974 Laftanar Kanar Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori, ya rushe majalisa, ya haramta jam'iyyu. A 1979 gwamnatinsa ta naɗa Abdou Moumouni shugaban jami'ar Yamai, ya riƙe kujerar har 1982, yana haɗa ta da aikin ONERSOL.

A wancan tsari babu zancen zaɓe. Shugaban ƙasa ne ke naɗawa, shi ne ke cirewa. Jami'ar ƙarama ce, tana dogara sosai da malaman da Faransa da wasu ƙasashe ke turowa, kuɗinta kuma daga baitulmali yake fitowa. Tun da an rufe bakin 'yan siyasa, ƙungiyar ɗalibai ta USN ta zama ɗaya daga cikin 'yan muryoyin da suka rage masu iya ce wa soja a'a, abin da ya sa idon hukuma bai taɓa barin harabar jami'a ba.

Ga tsohon ɗan FEANF, wannan kujera ce mai ƙaya. A gabansa akwai ɗaliban da ke yin irin abin da ya yi a Paris shekara 30 da suka wuce. A gefensa akwai abokan aikinsa malamai masu neman ɗakunan gwaji da littattafai da 'yancin koyarwa. A samansa kuma akwai sojan da ya sa hannu a takardar naɗinsa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wannan ita ce damuwar da malamai ke nunawa har yau game da shugaban da aka naɗa daga sama, komai iliminsa da mutuncinsa.

Lokacin ma bai taimaka ba. Ya karɓi jami'ar ne a ƙarshen shekarun da kuɗin yuraniyom na Arlit ke shigowa da yawa. A farkon shekarun 1980 farashin ya faɗi, kuɗin shiga ya ragu, daga 1983 kuma ƙasar ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu na IMF da Bankin Duniya. Ilimi mai zurfi yana cikin waɗanda suka fi jin jiki, domin masu ba da bashin suna ganin kuɗin ya fi amfani a firamare.

Da ya sauka a 1982 bai nemi kujerar minista ko aikin wata hukumar duniya ya yi zamansa a waje ba. Ya koma aji, ya ci gaba da koyar da fiziks har ƙarshen rayuwarsa.

Rasuwarsa

Shekarunsa na ƙarshe sun zo daidai da lokacin da jami'ar ta zama fagen sauyin siyasa. Kountché ya rasu a watan Nuwamban 1987, Ali Saibou ya gaje shi. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka fito zanga-zangar adawa da matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi. A gadar Kennedy, wadda ke haɗa ɓangaren jami'a da tsakiyar Yamai, jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka mutu. Wannan rana ce ta buɗe ƙofar da ta kai ga mulkin jam'iyyu da yawa.

Abdou Moumouni ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilun 1991, yana da shekara 61. An binne shi a Kirtachi, garin kakanninsa. Bai ga babban taron ƙasa ba, wanda aka buɗe ranar 29 ga Yulin shekarar a ƙarƙashin jagorancin wani malamin jami'ar, Farfesa André Salifou. A 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa.

Abin da ya bari, da abin da ake ja a kai

Bayan taron ƙasa ne malaman jami'a suka samu abin da babu shi a zamaninsa: damar zaɓen shugabanninsu. Malamai da wakilan ɗalibai da na sauran ma'aikata suna kaɗa ƙuri'a, gwamnati ta tabbatar da wanda ya ci. An yi fiye da shekara 20 ana tafiya a haka.

A cikin wannan lokaci jami'o'i suka yawaita. A 2010 aka kafa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ga ɗan Madarunfa wannan sauƙi ne babba, domin maimakon tafiyar yini guda zuwa Yamai, jami'a ta zo kusa da gida. Sai dai yawan ɗalibai ya fi ƙarfin azuzuwa da ɗakunan kwana da malaman da ake da su.

A rikicin 2018 da 2019 kowane ɓangare ya kawo hujjarsa. Gwamnati ta ce ita ke ba da kuɗi, don haka dole ta samu wanda za ta tuhuma idan shekarar karatu ta lalace, kuma shugaban da aka zaɓa yana jin nauyin tsawata wa waɗanda suka zaɓe shi. SNECS ta ce zaɓen haƙƙi ne da aka samu da gwagwarmaya, kuma naɗi zai mayar da jami'a wurin saka wa 'yan siyasa. An shafe makonni ana yajin aiki, a ƙarshe dokar naɗi ta wuce. Ɗalibai ne suka biya kuɗin jinkirin da lokacinsu.

Maƙwabtanmu na Katsina da Kano sun san wannan labari da wani suna. A Najeriya ƙungiyar ASUU ta daɗe tana jayayya da gwamnatin tarayya kan cin gashin kan jami'o'i da yarjejeniyar 2009, har ta yi yajin aikin wata takwas a 2022.

Rayuwar Abdou Moumouni ba ta ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. Masu goyon bayan naɗi za su iya cewa ga shi nan, soja ne ya naɗa shi, kuma babu mai shakkar cancantarsa. Masu goyon bayan zaɓe kuma za su amsa cewa sa'a aka yi, domin alƙalamin da ya naɗa shi zai iya naɗa wanda bai kai rabinsa ba, kuma shekara uku kacal ya yi a kujerar. Abin da tarihinsa ya fi nunawa shi ne, ko da an samu shugaba mafi ilimi, idan babu kuɗin bincike mai ɗorewa, babu kuma hanyar da masu aikin za su sa baki a shawara, abin da aka gina yana tsayawa ne a kan kafaɗar mutum ɗaya.

Hujjar tana nan a fili a gundumar Madarunfa. A lambunan gefen Gulbin Maraɗi, a rumfunan cajin waya, a kan rufin ɗakunan shan magani, faifan sola ya zama ruwan dare. Da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar a watan Agustan 2023, mutane da yawa sun ƙara fahimtar darajarsa. Ƙasar tana da tashar sola ta Malbaza tun 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai. Amma kusan duk faifan da batirin da famfon daga waje ake shigo da su, a ƙasar da ta soma ƙera kayan aikin rana da hannun 'ya'yanta fiye da shekara 50 da suka wuce.

Ga matasan da ke karatu a Maraɗi da Yamai, da waɗanda suka tafi Faransa, Kanada, Maroko ko Turkiyya suna tunanin ko za su dawo, tambayar da ta fi ta zaɓe ko naɗi nauyi ita ce: idan mai ilimi irinsa ya dawo gida yau, zai tarar da ɗakin gwaji mai aiki, da albashin da ke zuwa a kan lokaci, da majalisar jami'a da za ta saurare shi? Shi dai ya dawo a 1969, ya kuma zauna har Allah Ya karɓi abinsa.

Allah Ya jiƙan Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, Ya sa aljanna ce makomarsa.